Ɗinkin kasuwa ko ɗinkin awo: wace manhaja za ka ɗora wa furosesarka idan ka ba da kwamfuta aron bincike

Ranar wata Asabar ɗan yayata, mai karatu a jami'ar KNUST, ya shigo shagona a Aboabo, cikin Kumasi, rungume da kwamfutar tebur, gumi na zuba a fuskarsa. Ya ajiye ta a kan benci, muka gaisa, ya ce, "Kawu, duba mini wannan. Duk aikin da ta ɗauko, ko daƙiƙa biyar ba ya yi sai ya mutu. Tun daren jiya take ɓarna, yanzu ma sun daina turo mini aiki."

Na haɗa ta da allo na buɗe kundin saƙonnin BOINC, manhajar da ke ɗauko wa kwamfuta aikin bincike ta intanet. Layi bayan layi, lamba ɗaya ce ke maimaita kanta: 0xc000001d. Da wannan lambar Windows ke cewa an ba furosesa umarnin da ba ta sani ba. Na tambaye shi abin da ya canza. Ya ce abokinsa ne ya ba shi manhaja mai sauri, wadda aka gina don AVX2, wani rukunin umarni da wasu furosesoshi ne kawai suka sani, ya kwafa ya zuba. Furosesarsa kuwa Pentium G4560 ce ta 2017. Sabuwa ce idan aka kwatanta da yawancin abin da ke shigowa shagona, amma ba ta da AVX ko kaɗan, balle AVX2.

Ga wanda bai taɓa shiga harkar ba: masu bincike kan yanka babban lissafi gunduwa-gunduwa su rarraba wa kwamfutocin 'yan sa kai ta intanet, kowace ta yi nata ta mayar. SETI@home ce ta fito da abin fili a 1999, ta kuma daina raba aiki a ƙarshen Maris 2020. Daga jami'ar Berkeley ɗin da ta haife ta aka samu BOINC a 2002, ƙarƙashin David Anderson, kuma a kansa Einstein@Home da PrimeGrid da Rosetta@home da Asteroids@home da World Community Grid suke tafiya. Folding@home da GIMPS, aikin neman manyan lambobin firamare, suna da nasu manhajojin daban. Ni abin da ya ja ni ciki shi ne aikin hasashen ruwan sama na Afirka da jami'ar Delft ta ɗora a World Community Grid a 2019. Mutumin da danginsa ke noma a arewa ba ya jin labarin irin wannan ya wuce.

To, manhajar da ke yin lissafin ba fuska ɗaya take zuwa da ita ba. Akwai wadda aka ɗinka ta shiga kowa, kamar rigar da ka saya a rataye a Kejetia. Akwai wadda aka yi wa awo, aka yanka ta daidai da wata irin furosesa. Hanyoyi uku ne a gabanka: ka zauna a kan ginin gama-gari, wato zubin manhajar da ke shiga kowace furosesa, ka bar uwar garken aikin ta zaɓa maka cikin gine-ginen da take da su, ko ka ɗora na awo da hannunka. Kafin a auna su sai an san me haruffan nan suke nufi.

Furosesa tana da akwatunan da take zuba lambobi kafin ta yi lissafi a kansu. A SSE2, wanda ya zo da Pentium 4, faɗin akwatin bit 128 ne: yana cin ƙananan lambobi huɗu ko manya biyu a tashi ɗaya. Duk furosesar Intel ko AMD mai bit 64 tana da shi, shi ya sa ya zama rigar kowa. AVX ya zo a 2011 tare da zuriya ta biyu ta Core i3, i5 da i7, ya ninka faɗin zuwa 256: ƙanana takwas ko manya huɗu. Sai dai ninkin na lambobi masu ɗigo ne kawai. Lissafin cikakkun lambobi bai samu wannan faɗin ba sai da AVX2 ya zo a 2013 da zuriya ta huɗu. Tare da shi furosesoshin Intel suka samu FMA, wanda ke ninka lambobi biyu ya tara da ta uku a bugu ɗaya. AVX-512 kuma ya kai faɗin 512.

Mai sauraro zai ce ashe kowane mataki ninki biyu ne. Ba haka abin yake ba, kuma duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Adum da yamma ya san dalili. Ka bar baro ka ɗauki aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, kayan da kake ɗauka a sawu ɗaya sun ninka, amma idan hanya ta cushe a tsaye za ka yini. Hanyar a nan ita ce tsakanin furosesa da RAM. Idan lissafin ya shige cikin 'yar ma'ajiyar da ke jikin furosesa, wadda ake kira L3, faɗin akwati yana biya sosai. Idan kuwa kullum sai an je RAM an ɗebo, furosesar jira take yi, faɗin bai ƙara mata komai ba. Yawancin kwamfutocin ofis na hannu da ake saukewa a Tema da sandar RAM guda ɗaya suke zuwa. Na sha ganin ƙara sanda ta biyu, don hanyar ta zama layi biyu, ya fi sauya manhaja amfani.

Ginin gama-gari ba shi da abin faɗa mai yawa. Ba ya mutuwa, ba ya dafa furosesa, shi ne mafi jinkiri. Idan kana da Core 2, ko Core na zuriya ta farko, ko Pentium da Celeron irin na ɗan yayata, to kai da AVX sai kallo. Abin da za ka iya samu shi ne SSE3, SSSE3, SSE4.1 ko SSE4.2, kuma ribarsu a kan SSE2 yawanci ba ta taka kara ta karya ba. Tarko ɗaya ne a nan: tsofaffin AMD irin su Phenom II da Athlon II suna da wani abu mai suna SSE4a, wanda ba shi ne SSE4.1 ba, kuma ba su da SSSE3. Sunayen sun yi kama, abubuwan daban ne. Wanda ya ruɗe, lambar nan ta 0xc000001d zai gani.

Hanya ta biyu ita nake ɗora yawancin mutane a kai, kuma mutane da yawa suna kanta ba su sani ba. Duk lokacin da BOINC ya tashi yana karanta abin da furosesarka ta iya, ya rubuta a farkon kundin saƙonni, ya kuma sanar da uwar garke. Aikin da ke da gine-gine da yawa, kamar Asteroids@home na jami'ar Charles da ke Prague, ba zai turo maka wanda furosesarka ba ta iya ba. Zai gwada ka da waɗanda ta iya, ya ga wanda ya fi sauri a kan injinka bayan wasu ayyuka sun inganta, wato an tabbatar amsarsu daidai ce, sannan ya karkata gare shi. A kwanakin farko za ka ga ana turo maka wannan a turo wancan. Kada ka soke su. Awo ake yi maka. PrimeGrid da Prime95 na GIMPS ma sun wuce nan: lissafin da George Woltman ya rubuta yana duba furosesa da kansa ya ɗauki hanya mafi dacewa, ko AVX, ko FMA, ko AVX-512. A waɗannan ba ka da abin zaɓa ta fuskar gini. Abin da ya rage maka shi ne ayyuka nawa za su gudana lokaci guda, kuma ƙwayar furosesa (core) nawa kowanne zai ci, don kada su fi ƙarfin L3.

Hanya ta uku ita ce mai daɗin labari, ita ce kuma mai haɗari. BOINC ya yarda ka ajiye fayil mai suna app_info.xml a cikin jakar aikin, wanda ke ce wa uwar garke: turo mini lissafi kawai, manhajar ina da tawa. Da wannan ƙofar 'yan sa kai suka yi abin a zo a gani. Ƙungiyar Lunatics ta shafe shekaru tana gina wa SETI@home manhajoji masu sauri, kowace furosesa da nata. A 2006 wani ɗan ƙasar Hungary, Akos Fekete, ya gyara manhajar Einstein@Home har masu aikin suka karɓi gyaransa suka saka cikin tasu. A wancan zamanin tazarar da ke tsakanin ɗinkin kasuwa da na awo babba ce. Yau ta ragu, domin gyare-gyaren da suka yi kyau yawanci an haɗiye su cikin manhajar hukuma.

Ga abin da kake ɗauka a wuyanka ranar da ka ajiye wannan fayil. Manhajarka ta daina sabunta kanta. Idan masu aikin suka fitar da sabon zubi, kai za ka nemo wanda ya dace ka sake rubuta fayil ɗin. In ba ka yi ba, ko dai aiki ya daina zuwa ko sakamakonka ya daina inganta. Kuskuren harafi ɗaya a ciki yana iya sa BOINC ya watsar da duk ayyukan da ka riga ka sauke, da kuɗin datar da ka kashe a kansu. Ni kaina ya same ni a wata daminar, na rasa ayyukan kwana uku saboda sunan fayil ɗaya da na rubuta ba daidai ba, kuma abin da ya fi damuna shi ne can wani wuri akwai mutumin da aka tura wa gunduwa ɗaya da ni, ya gama nasa yana jiran nawa don a kwatanta. Ga kuma batun amana: fayil ne da zai gudana a kwamfutarka dare da rana. Idan ba daga shafin aikin ka samo shi ba, ko daga mutanen da masu aikin suka san da su, kada ka ɗora. Wanda abokin ɗan yayata ya ba shi a filashi ya zo, ba wanda ya san inda aka gina shi. Ba duk ayyuka ba ne ma suka yarda da wannan ƙofar. Sai wanda ya buɗe rubutun manhajarsa ga jama'a ake iya gina wa.

Akwai wani abu da masu son sauri ke mantawa. Ba a ba ka maki don ka gama aiki. Sai sakamakonka ya inganta. Ayyuka da yawa suna tura gunduwa ɗaya ga kwamfutoci biyu su kwatanta amsa. FMA yana daidaita ƙarshen lamba sau ɗaya a inda tsohuwar hanya ke yi sau biyu, don haka amsarsa kan bambanta kaɗan a can ƙarshen ɗigo. Ginin hukuma an gwada shi an san bambancin yana cikin iyaka. Ginin da wani ya matse da zaɓuɓɓukan sauri ba tare da gwaji ba yana iya tsallake iyakar, ka yi ta gama aiki da wuri ana yi ta watsar da shi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Bayan kowane sauyi, shafin ayyukanka za ka riƙa dubawa kwana uku ko huɗu: nawa suka inganta, nawa aka ƙi.

Yanzu ga inda shawarar da ake rubutawa a Jamus ko Kanada take rabuwa da tamu. Su da yawansu a ɗaki mai sanyi suke, zafin kwamfuta ma ɗumama ɗaki yake musu rabin shekara. Mu a Fabrairu da Maris, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a Asawase ko Sabon Zango ya wuce digiri 30 tun kafin a kunna komai. Ginin AVX2 da FMA yana sa furosesa aiki da dukkan ƙarfinta, yana jan wuta fiye da SSE2, yana kuma fitar da zafi daidai da haka. Ba banza ba mu masu gyara muke amfani da Prime95 idan muna son sanin ko sanyayar kwamfuta na da lafiya: babu abin da ke dafa furosesa kamarsa. Furosesar Intel idan ta doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta lalace. Daga nan saurin da ka ɗora ginin dominsa ya tafi, zafin ya zauna.

Na gwada wannan da idona a kan wata 'yar siririyar kwamfutar ofis mai i5 na zuriya ta huɗu, irin masu ƙaramar fanka. Da hunturu ne. Na buɗe ta, ƙura ta yi kirtani a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya kamar audugar katifa, man da ke kan furosesa ya bushe yana ɓarewa da farce. A haka ginin AVX2 bai fi na SSE2 da wani abin kirki ba, fanka kuwa kuka take kamar injin niƙa. Na hure ƙurar, na goge tsohon man na sa sabo, na ɗaga ta daga ƙasa na ɗora a kan bulo biyu don iska ta ratsa. Sai ga tazarar ta fito fili. Kafin ka tambayi wane gini, ka tambayi yaushe rabon a buɗe kwamfutar.

Laftof kuwa, ra'ayina a kai ba ya canzawa: kada ka ɗora mata ginin AVX2 a kan dukkan ƙwayoyinta. Rabin ƙwayoyin ya isa, a kan tebur, ba a kan katifa ba. Zafin da ba ya sauka shi ke kumbura batir. A saitin BOINC akwai wuri biyu na rage nauyi: kason ƙwayoyin da za a yi amfani da su, da kason lokaci. Na farkon na fi so. Na biyun kunnawa da kashewa yake yi kowace 'yar daƙiƙa, zafi ya hau ya sauka, fanka ta yi ta tashi tana kwanciya.

Sai batun mita. A nan ne ya kamata a yanke hukunci, kuma lissafin ba shi da wuya. Ɗauki misali da lambobin da na zaɓa don sauƙi. Kwamfuta mai ƙwaya huɗu tana jan wat 60 da ginin SSE2, tana gama ayyuka huɗu cikin awa 5. A wata mai kwana 30 ta ci yunit 43.2, ta gama ayyuka 576. Kowane aiki ya ci wat-awa 75. Da ginin AVX2 tana jan wat 75, tana gama huɗun cikin awa uku da rabi. Kowane aiki ya ci kimanin wat-awa 66, wato ya fi araha. Amma idan ka bar ta dare da rana, yunit 54 za ta ci a wata, katin mitarka zai riga ƙarewa. Ga inda dabara take: ka gudanar da ginin AVX2 awa 17 kacal a rana, ka kashe shi daga hantsi zuwa la'asar lokacin da kwano ya ɗauki zafi. Za ta ci yunit 38 da 'yan kai, ta gama ayyuka sama da 580. Aiki ya ƙaru, wuta ta ragu, kwamfutar ta huta a sa'o'in da suka fi cutar da ita. BOINC yana da wurin saka awannin aiki, ba sai ka tsaya a kanta ba. Idan kuma gwajinka ya nuna wat 80 da awa huɗu da rabi, kowane aiki ya koma wat-awa 90. Ginin ya fi sauri amma ya fi tsada, ka koma na baya. 'Yar na'urar auna wat da ake sokawa a soket ita ce za ta faɗa maka gaskiya, domin lambar da aka rubuta a kwalin furosesa ba ita ce abin da bango ke bayarwa ba.

A gidan haya mai mita ɗaya, wannan lissafin ba naka kaɗai ba ne. Idan kuɗin wuta rabawa ake yi ɗaki-ɗaki, yunit 50 ɗin nan daga aljihun maƙwabta wani kasonsu zai fito, har da tsohuwar da ƙwan fitila biyu da fanka kawai take da su. Ka faɗa musu, ka ƙara naka kason. Haka kwamfutar ofis ko ta makaranta: sai da izinin mai ita. Taimakon bincike ba ya halatta cin haƙƙin wani.

Ɗauke wuta ma yana shiga zaɓin. Manhaja kan ajiye inda ta kai lokaci-lokaci, don in wuta ta tafi ta ci gaba daga nan. Wasu ayyukan suna ajiyewa kowane minti ɗaya ko biyu, wasu sai bayan dogon zango. Na hasashen ruwan saman nan yana cikin masu dogon zango. A unguwar da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, bai gama sakin ta ba, ginin da ya gajarta aiki yana rage abin da kake asara a kowace ɗaukewa, kuma wannan maki ne na gaske a gefen AVX2. Amma ka tabbata ginin hannun da ka ɗora yana ajiyewa kamar na hukuma, ka gwada ta hanyar rufe BOINC ka sake buɗewa ka ga daga ina ya tashi.

Masu AMD suna da nasu karatun. Jerin FX na 2011 da 2012 suna da AVX a takarda, amma ƙwayoyi biyu ne ke raba sashen lissafi ɗaya, kuma umarnin 256 raba shi biyu suke yi. Sau da yawa ginin SSE yana kamo na AVX a kansu ko ya wuce shi. Ryzen na farko, na 2017, yana da AVX2 da FMA amma shi ma rabawa yake yi, don haka ribar tana nan, ba ta kai ta Intel na lokacin ba. Daga zubin Zen 2 na 2019, wato Ryzen 3000, ne faɗin ya cika. A kula, Ryzen 3 3200G da Ryzen 5 3400G, duk da lambar 3000 da ke jikinsu, tsohon zubi ne. Ginin da aka yi don FMA4, wani nau'in FMA na AMD, kuwa na zamanin FX ne, kada a ɗora shi a Ryzen.

AVX-512 ba zan daɗe a kansa ba, don kaɗan ne cikinmu ke da shi. Yana kan wasu Xeon tun 2017, da Core na tebur na zuriya ta 11, da Ryzen na tebur daga 7000 zuwa sama. Intel ta rufe shi a zuriya ta 12, saboda haka sabunta ba hujja ba ce. A tsofaffin Xeon da ake samu cikin manyan kwamfutocin aiki na hannu, furosesar kan rage gudu idan ana amfani da shi, sai ka auna kafin ka yarda ya fi AVX2. Idan kuma kana da katin hoto mai ƙarfi, a Folding@home da Einstein@Home shi ne zai yi mafi yawan aikin, gardamar SSE da AVX ta koma gefe. Lambar firamare mafi girma da GIMPS ta gano a Oktoba 2024 ma da katunan hoto aka same ta. Ka bar wa katin ƙwaya ɗaya ta furosesa da za ta riƙa ciyar da shi.

Da ɗan yayata ga abin da muka yi. Na buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan furosesa, na nuna masa layin da ke jera umarnin da furosesarsa ta sani. Ya karanta da bakinsa, ya tsaya a SSE4.2. (Mai Linux ya rubuta lscpu, zai ga jerin.) Muka rufe BOINC, muka goge app_info.xml da fayilolin abokinsa, muka sake saita aikin. Uwar garken ta rage masa kason ayyukan yini saboda ɓarnar da aka yi, na ce masa kada ya damu, kason yana dawowa yayin da sakamako masu kyau suka fara shiga. Muka saka a yi amfani da rabin furosesar kawai, daga ƙarfe biyar na yamma zuwa goma na safe.

Ya tsaya yana kallon allon, sannan ya ce, "Kawu, in na tara kuɗi, wace zan saya?"

Na ce idan allon uwar kwamfutarsa zai ci gaba da amfani, i5 na zuriya ta shida ko ta bakwai zai zauna a soket ɗin nan, kuma yana da AVX2 da FMA. Amma ya fara da sandar RAM ta biyu, sannan ya zo da kwamfutar bayan hunturu mu hure ta. Ya ɗauki lambar soket ɗin a wayarsa, 1151, ya ce ranar Litinin zai biya ta Adum ya ji farashi.